Muhawara: Ɗalibai su duba rubutun junansu a ajin koyon rubutu, yaya ake tsara shi?

Malam Isiyaku

Assalamu alaikum malamai. Tambayata ga masu koyar da rubutu ce, na Ingilishi ne ko insha'in Hausa. A ce aji ne na 'yan shekarar farko, mutum 240, lakca ɗaya a mako ta awa biyu. In malami ya ba kowace takarda minti biyar kacal, awa 20 ke nan kafin ya gama duba jinga ɗaya, kuma minti biyar ba ta isa a rubuta wa ɗalibi wani abin kirki ba. Shi ya sa a wurare da yawa sau ɗaya ake karɓar rubutu a samista, a sa maki, takardar ma ba ta komawa hannun mai ita. Ana ta cewa a raba su rukuni-rukuni. To amma aikin rukunin da aka saba gani kowa ya san shi: mutum ɗaya ya rubuta, tara su haɗa kuɗin bugawa, a jera sunaye a bango. Wanda ya san yadda ake tsara abin ya taimaka da bayani dalla-dalla.

Dakta Habu

Wa alaikumus salam Malam. A fara raba abubuwa uku da ake cakuɗawa. Akwai kowa ya yi nasa rubutun, 'yan rukuninsa su karanta su faɗa masa abin da suka gani. Akwai a ba rukuni tambaya ɗaya a kan wani rubutu, su tattauna har su tsaya a kan amsa. Sai kuma mutum uku ko huɗu su haɗu su rubuta abu guda. Na ƙarshen nan ya fi duka wuya, shi kuma ake fara ɗora wa ɗalibai, dole ya wargaje. 'Yan shekarar farko da na farkon ya kamata su soma.

Kuma hanyar nan matsala irin taka ce ta haife ta. A 1970 jami'ar birnin New York ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare a birnin, ɗalibai suka yi mata yawa, da dama cikinsu rubutu yana ba su wuya. Kenneth Bruffee, malami a kwalejin Brooklyn, ya lura cewa an tanadi masu taimaka musu amma ba sa zuwa, domin taimakon ya yi kama da ajin da ya riga ya gagare su. Sai aka horar da ɗalibai 'yan uwansu su riƙa zama da su a kan rubutu. Rubutun wanda ake taimaka wa ya gyaru, na mai taimakon ma ya gyaru. Shi ma Bruffee daga Ingila ya tsinci tunanin, inda M. L. J. Abercrombie ta daɗe tana sa ɗaliban likitanci a Landan su tattauna abin da suke gani, irin su hoton ƙashi, a cikin rukuni, ta ga hakan ya fi kaifafa musu hukunci. Muƙalarsa ta 1984 ita aka fi ambata a wannan fage. A lura, horar da ɗaliban aka yi, ba tara su kawai aka yi aka ce su duba wa juna ba.

Baba Lawal

Dakta, ina da ja. Yaron da bai san inda ake sa aya ba, bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba, shi za a miƙa wa takardar ɗan uwansa? Abin da zai faru shi ne ya soke daidai ya rubuta kuskure, mai takardar kuma ya karɓa, tunda malam ne ya ce a duba masa. An yi asarar mako, an kuma ƙara cuta. Sannan ɗaliban Brooklyn da yawansu da Ingilishi suka tashi. Namu harshe na biyu ne ko na uku. Ni ina ganin gara malami ya duba takarda ɗaya da kyau a samista da a yi hayaniya sau huɗu.

Malama Binta

Baba, Allah ya ƙara girma, a kan nahawu maganarka dutse ce. Shi ya sa doka ta farko ita ce, a zagayen farko ba a taɓa nahawu, ba a taɓa ƙa'idar rubutu, ba a soke ko kalma ɗaya a takardar wani. Ba alƙalanci aka ba ɗalibi ba, karatu aka ba shi. Abin da kowane mai karatu zai iya faɗa ba tare da ya yi kuskure ba shi ne abin da ya gane da kuma inda ya ɓata. A ba shi takardar tambayoyi shafi ɗaya, kada su wuce biyar:

1. Ka rubuta a jimla ɗaya, da kalmominka, abin da marubucin yake so ka yarda da shi. In ka rasa, ka rubuta "ban samu ba".
2. Ka sa wa kowane sakin layi lamba. A kan kowanne ka faɗi abu biyu: me ya ce, kuma wane aiki ya yi.
3. Ka ja layi ƙarƙashin jimla biyu da suka fi tsaya maka a rai, ka faɗi dalili.
4. Ka sa alamar tambaya a gefen duk inda sai da ka koma ka sake karantawa.
5. Wace magana aka faɗa babu hujja? Ka rubuta tambaya ɗaya da kake so marubucin ya amsa.

Ta biyun ita ce ƙashin bayan aikin, kuma daga tsarin Bruffee ta fito. Misali, insha'i ne a kan ko ya kamata a hana shiga aji da waya. Mai karatu ya rubuta: "Sakin layi na 3 ya ce waya tana ɗauke hankali, aikinsa kawo dalili na farko. Na 4 ya ce ɗalibi ba ya sauraron malami in yana danna waya, aikinsa maimaita na 3. Na 5 ya koma tsadar data, ban ga alaƙarsa da jigon ba." Babu wanda ya ce wa marubucin rubutunsa bai yi ba, amma ya gani da idonsa cewa dalili ɗaya ne da shi, ba uku ba. Ba sai mai karatun ya iya nahawu zai iya wannan ba.

A guji tambayar da amsarta e ce ko a'a. In aka ce "Shin gabatarwar ta yi kyau?" za a samu e guda 240.

Baba Lawal

To nahawun fa, Malama? Wa zai gyara?

Malama Binta

Malami, Baba, amma ba takarda-takarda ba. Ya zari takardu 20, ya fitar da kurakurai uku da suka fi yawa, ya koyar da su a allo cikin minti 15. A zagaye na biyu sai a ce wa mai karatu ya nemi waɗannan ukun kaɗai, ya zagaye su da fensir, kada ya gyara. Mai takarda ne zai gyara, in yana shakka ya tambayi malami. Akwai kuma dalilin jinkirta shi. Nancy Sommers, mai bincike a kan koyar da rubutu, ta nuna a 1980 cewa sababbin ɗalibai suna ɗaukar gyaran rubutu a matsayin sauya kalma da kalma, su kuwa ƙwararru sake gini suke yi. In aka fara da waƙafi da aya, ɗalibi zai goge jimlar da ya kamata a cire gaba ɗaya har ta yi ƙyalli, ya kuma ƙi rabuwa da ita.

Malam Tanimu

Bari in shigo ta ɓangaren lokaci da wurin zama, don a nan abin yake lalacewa. Bruffee ya fi son mutum biyar a rukunin tattaunawa, amma a ɗakin lakca mai kafaffun kujeru huɗu ya fi: biyu na layin gaba su juyo su fuskanci biyu na baya, babu mai tashi. Mutum 240 rukuni 60 ke nan. Malami ne zai raba, tun mako na biyu, a liƙa jerin, rukuni ya zauna yadda yake har ƙarshen samista. In aka bar su su zaɓa, abokai za su haɗu, masu ƙwazo su ware, raunana su taru wuri ɗaya.

Rubutun kada ya wuce kalma 500 zuwa 600. Ba sai an yi fotokwafi ba. Takarda ta zagaya hannun dama, mutum biyu su karanta kowace, kowa da tasa takardar tambayoyin. Awa biyun kuma ga yadda za ta kasu: minti 10 na zama da tuna ƙa'ida, minti 20 karatun farko, shiru, ana rubutu, minti 20 karatu na biyu, minti 8 ga kowane marubuci a yi magana a kan takardarsa, 32 ke nan, minti 10 kowa ya rubuta abu uku da zai sauya. An ci 92. Ragowar na malami ne da ajin baki ɗaya, kuma a san cewa shiga da fita za su ci kusan goma daga ciki.

A cikin minti takwas ɗin nan, marubuci ba ya kare kansa. Ya saurara, ya rubuta, a ƙarshe ya yi tambaya ɗaya. Da zarar ya ce "abin da nake nufi shi ne", aikin ya tashi daga takarda ya koma baki, alhali mai karatu na gaskiya ba zai same shi ya tambaye shi ba. A naɗa mai duba agogo a kowane rukuni, in ba haka ba na farko zai ci minti 20, na ƙarshe ya tashi hannu rabbana.

Wanda ya zo babu daftari ba ya shiga rukuni. Ya koma layin baya ya rubuta nasa a lokacin, ya rasa makin ranar. In aka yi sassauci sau ɗaya, zagaye na gaba rabin aji haka za su zo.

Malam Isiyaku

Na gode Malam Tanimu. To malami me yake yi lokacin da suke aikin? Yawo tsakanin layuka?

Malam Tanimu

Kaɗan. In ya tsaya a kan rukuni, kowa zai yi shiru ya juyo gare shi, sai abin ya koma ƙaramar lakca. Ya kula da lokaci, ya leƙa takardun tambayoyi daga nesa, ya tsinci misali biyu masu kyau da zai karanta wa aji a ƙarshe. In an tambaye shi "Malam, wannan daidai ne?" ya ce "me masu karatunka biyu suka ce?"

Malama Rakiya

Akwai abin da ba a taɓo ba, kunya da kara. Ajinmu ba sa'o'in juna ne zalla ba. Za ka samu yarinya 'yar shekara 18 a rukuni ɗaya da magidanci ko matar aure da ta haife ta. Ba za ta buɗi baki ta ce masa hujjarsa ba ta tsaya ba. Abin da za ta rubuta shi ne "Masha Allah, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira". Ba mu kaɗai ba ne, masu bincike Carson da Nelson sun ruwaito a 1996 cewa ɗalibai 'yan Sin da ke karatu a Amurka sun fi damuwa da zaman lafiyar rukuni a kan faɗin aibin rubutu.

Maganinsa a mako na uku yake, kafin su taɓa takardar juna. Malami ya rubuta insha'i da kansa, ya dasa masa matsaloli da gangan: jigo a ɓoye a sakin layi na huɗu, maimaici ɗaya, magana ɗaya babu hujja. A raba, kowa ya cike tambayoyin nan biyar, a tattauna. Tunda rubutun ba na kowa ba ne a ajin, baki zai buɗe. Sannan a rubuta sharhi biyu a allo, "ya yi kyau sosai" da "a sakin layi na 2 na zaci za ka kawo misali, sai ka wuce", a tambaye su wanne marubuci zai iya aiki da shi. A koya musu fara jimla da kansu: na ɓata a nan, na zaci kaza, ina son sanin kaza. Yarinya za ta iya ce wa babba "ban gane nan ba, Baba" ba ta yi rashin kunya ba.

Kada kuma a sa mace ɗaya tilo cikin maza uku, yawanci shiru za ta yi. Biyu da biyu, ko mata zalla inda suka fi sakewa da haka.

Dakta Habu

Malama Rakiya, ai cire suna zai kashe wannan matsalar. A sa lamba kawai, a ba wani rukuni can nesa.

Malama Rakiya

Dakta, zai rage kunya, amma zai kashe minti takwas ɗin Malam Tanimu, kuma a nan rabin amfanin yake. Sannan wanda ya san ba za a gane shi ba yakan yi ko dai gatsali ko ko-in-kula. In dole ne, a ɓoye suna a zagayen farko kaɗai, daga na biyu a koma ido da ido.

Dakta Habu

Na karɓi rabi. A aji mai ɗaruruwa ina ganin ɓoye sunan ya fi sau ɗaya amfani, amma a bar shi ga mai aji.

Baba Lawal, ga abin da nake so ka duba. Ko da sharhin da ɗalibi ya samu bai taka kara ya karya ba, wanda ya yi sharhin ya ƙaru. Lundstrom da Baker sun gwada wannan a 2009 da masu koyon Ingilishi a matsayin baƙon harshe: wasu suna duba rubutu ba a duba nasu, wasu ana ba su sharhi ba sa duba na kowa. Masu dubawar ne rubutunsu ya fi gyaruwa, musamman na matakin farko. Dalilin a fili yake. Wanda ya nemi jigo a takarda takwas a samista, ya rasa a biyar, zai fara tambayar kansa ina nasa yake.

Baba Lawal

Wannan hujja ce, na ji ta. Amma ina nan a kan abu ɗaya: maki kada ya fita daga hannun malami. Ranar da ɗalibi ya ba ɗalibi maki, ranar aka buɗe kasuwar "ka ba ni in ba ka".

Malama Binta

Babu mai ja da kai a nan, Baba. Kuma kada a ba rukuni maki ɗaya na bai-ɗaya, shi ke haifar da ci-ma-zaune. Inda auna fahimta yake da maki 30, a bar 10 ga gwaji, 20 ga rubutu: 3 na zuwa da cikakken daftari a kan lokaci, 5 na ingancin sharhin da ka yi wa wasu, 10 na rubutun ƙarshe, 2 na 'yar takardar da ka bayyana abin da ka sauya da shawarar da ka ƙi da dalilinka. Wannan ta ƙarshen ita ce amsar tsoron Baba na karɓar gyaran banza, domin ɗalibi ya san yana da ikon ƙi. A haɗa komai da abin maƙala takarda: daftari, sharhi biyu da sunan masu su, takardar bayani, rubutun ƙarshe a sama.

Malam Isiyaku, kada a yi maka alƙawarin hutu. Aikin bai ragu sosai ba, wuri ya sauya. In za a yi zagaye huɗu a samista, ka duba na rukuni 15 da kyau a kowane zagaye, takarda 60, ba tare da sun san su wa za a zaɓa ba. Sauran a duba cikar takardu kawai. Kafin samista ta ƙare kowa ya shiga hannunka sau ɗaya, amma ya rubuta huɗu ya karanta takwas.

Malam Isiyaku

Saura biyu. In rubutun na Ingilishi ne, a bar su su tattauna da Hausa? Sannan yanzu da yawa ƙirƙirarriyar basira ke rubuta musu, ko su kwafo daga intanet. Me za a duba a irin wannan?

Malam Tanimu

Na biyun da sauƙi. Daftarin farko a aji ake rubuta shi, da hannu, minti 40, waya a jaka. Malami ko wakilin aji ya sa hannu da kwanan wata a kusurwa. Rubutun ƙarshe dole a ga daga wannan daftarin ya tsiro. In daftari yana ɗingishi, na ƙarshe ya zo sumul da wani jigo dabam, a kira mai shi ya yi bayanin sakin layi ɗaya da baki. Wannan yana nufin kowane zagaye zai ci mako biyu zuwa uku, shi ya sa huɗu ne iyaka, uku ma ba laifi.

Malama Rakiya

A kan harshe, a bar su su yi magana da wanda tunaninsu ya fi gudu a cikinsa, da sharaɗi biyu. Kowa a rukunin yana jin sa, in akwai mutum ɗaya da ba ya jin Hausa to Ingilishi za a yi. Sannan abin da za a rubuta a takardar tambayoyi da harshen darasin za a rubuta shi. Hana Hausa ƙarfi da yaji ba ya ƙara musu Ingilishi, gajarta sharhin kawai yake yi.

Dakta Habu

In ƙara abu ɗaya a kan nau'i na biyu, tattaunawa har a tsaya a kan amsa, don yana da amfani a makon da ba a duba daftari. A ba su gabatarwa uku na insha'i ɗaya, a ce su jera su daga mafi ƙarfi, su kawo dalili. Minti 20, mutum ɗaya ya rubuta matsaya. John Trimbur ya yi gargaɗi a 1989 cewa neman matsaya ɗaya yakan danne mai ra'ayi dabam, sai mai baki ya yi rinjaye. Don haka mai rahoto ya faɗi abin da suka yarda da shi, ya kuma faɗi inda suka saɓa da wanda ya saɓa. Sau da yawa wanda aka rinjaya shi ne ya ga abin da sauran ba su gani ba.

Baba Lawal

Rubutun haɗaka fa, da ka ce ya fi wuya? A bar shi ke nan?

Dakta Habu

A ɗaga shi zuwa samista ta biyu, Baba, mutum uku kacal. Kuskuren da ake yi shi ne rabon gado: kai gabatarwa, ke tsakiya, ni kammalawa, a liƙa. Sai ka ga gabatarwa ta yi alƙawarin abin da tsakiya ba ta sani ba. Su fara zama tare su rubuta jigo a jimla ɗaya da jerin sakin layi, malami ya sa hannu. Kowa ya rubuta kasonsa, sannan a yi musaya, kowa ya sake rubuta kason wani. Inda akwai data, Google Docs, manhajar yin rubutu tare a intanet, yana nuna wanda ya rubuta me da lokacin da ya rubuta. Inda babu, rubutun hannun kowa a maƙale a baya ya isa.

Malam Isiyaku

Allah ya saka da alheri malamai. Malama Binta, tambayoyin nan biyar za su yi wa insha'in labari da na siffantawa, ko na jayayya kaɗai?

Malama Binta

Amin Malam. Ta 2, ta 3 da ta 4 suna nan yadda suke. Ta 1 ta koma "me ya sauya tsakanin farkon labarin da ƙarshensa?" Ta 5 kuma ta koma "ina aka faɗa maka abu alhali so kake a nuna maka?" Amma ka fara da na jayayya, shi ne masu karatu biyu suka fi saurin gane ko jigo yana nan ko babu.